Kujerar Casimiro Mai Faci

Casimiro mai facin taya ne a garinmu, Puerto Lindero, kuma ban taɓa ganin wanda arziki ya bi har gida ba tare da ya nema ba kamarsa ba. Ba shi da ilimi, ba shi da magana mai daɗi, ko riga mai tsabta ba ya iya ajiyewa. Abu ɗaya gare shi: shi ne abokin Evaristo Pagan a wasan domino, wasan nan na ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigo.

A nan mutum huɗu ke zama teburi, biyu suna adawa da biyu, kuma abokin wasanka yakan zauna yana fuskantarka. Idan ka zaɓe shi tun kuna samari, mutuwa kaɗai ke raba ku. Ranar da Evaristo zai zaɓa, ina zaune a wurin. Ajinmu ɗaya da shi, ni nake yi masa lissafi ma. Ya dube ni, ya wuce, ya nuna Casimiro da baƙin hannunsa. Ni na zama abokin adawa, a kujerar gefe.

Evaristo ya zama kansila, muka yi dariya. Ya zama magajin gari, dariyar ta ragu. Ya tafi majalisa, ya faɗi zaɓe sau ɗaya, ya dawo sanata, har aka wayi gari shi ne mataimakin shugaban ƙasar Marabela. Duk lokacin da ya zo gida, kafin ya gaida 'yan jam'iyya sai ya tsaya ƙarƙashin bishiyar mangwaro a ƙofar shagon faci, ya cire kwat.

"Ina ragon nan? Casimiro, wanke hannu ka zo mu ci Nicanor!"

Nicanor ni ne. A kowane hoton jarida za ka ga mataimakin shugaba da Casimiro suna dariya, ni kuwa gefen kunnena kawai ke fitowa. Na tsani hotunan nan, kuma duk na ajiye su.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Casimiro bai san darajar kujerarsa ba. Bai taɓa roƙon aiki ba, bai nema wa ɗansa kome ba. Har zagin mutumin yake.

"Evaristo, kai dai wawa ne. Da wannan kan kake riƙe da ƙasa?"

Masu gadi su ɗaure fuska, shi kuwa mataimakin shugaba ya yi ta dariya har da hawaye, yana cusa soyayyiyar ayaba a baki. Ni da nake ce masa "ranka ya daɗe" sai ya ɗaga mini kai kawai.

Bara ciwon zuciya ya kayar da Casimiro a kan tayar wata babbar mota, ya rasu nan take. Na yi baƙin ciki, amma ba zan ɓoye ba, raina ya tafi ga kujerar. Al'adarmu ce, wanda abokin wasansa ya rasu yakan zo wurin gawa da ƙwayar shida-shida, babbar ƙwaya a akwatin dominonsa. Idan ya miƙa wa wani, ya yi sabon abokin wasa ke nan. Idan ya sa ta tare da mamaci, ya daina wasa har abada.

Na yi aski, na sa farar rigata, na tsaya kusa da akwatin gawa inda ba zai kasa ganina ba. Matata Remedios ta harare ni.

"Biki ka zo ko jana'iza?"

"Ke dai yi shiru."

Evaristo ya shigo ba kwat, idanunsa jajur. Ya zo daidai inda nake, ya dafa kafaɗata, ya fito da ƙwayar daga aljihu. Wallahi har na buɗe tafin hannuna.

"Nicanor," in ji shi, "ɗan matsa kaɗan."

Na matsa. Ya sunkuya, ya zura shida-shida a aljihun rigar Casimiro, ya gyara masa maɓalli.

Tun daga ranar bai sake tsayawa ƙarƙashin mangwaron ba. Motocinsa sukan wuce da jiniya, ya ɗaga hannu ta bayan gilashi. A da, ina da kujerar gefe ina raina ta. Yanzu ita ma babu, Casimiro ya tafi da teburin gaba ɗaya.