Wilma Tarrant Ta Ce A Sake

Wilma Tarrant tana 'yar shekara goma sha tara aka fara ɗaure ta a kan layin dogo. Zamanin fim marar murya ne a Los Anjalis, irin mai fitowa kashi-kashi. Kowace Asabar a bar ta tana reto a bakin dutse, 'yan kallo su tafi da zullumi sai wani mako. Taurin kai gare ta, ba ta taɓa yarda wata ta yi tsalle a madadinta ba. A 1919 nakiya ta tashi dab da kanta. Kunnen hagu ya mutu nan take, na dama ya bi shi sannu a hankali. Babu wanda ya lura, don darakta na ihu ita hannunsa take kallo.

Da fim ya fara magana sai ta koyi karanta leɓe, ta binne zancen a cikinta. Kurma ba ta samun aiki, ta sani. Ta fito a 'yar aiki, ta fito a uwar wani, daga nan shekara tara babu mai nemanta.

A 1951 wani gidan talabijin a New York ya ba ta matsayin mai gidan haya a wasan mako-mako da ake watsawa kai tsaye. Ta haddace maganganunta na cikin wasan da na kowa.

"Iya, ki bar mana wani abu mana," in ji Orville Deacon, mai fitowa a ɗan hayarta. "Ko tarina ma kin haddace?"

Mako uku lafiya lau. A na huɗu kyamara ta tare wa Orville hanya, ya juya mata baya ya faɗi maganarsa. Ba ta ga bakinsa ba. Ta jira, ta jira. Tsoro ya kama ta, sai jiki ya yi abin da ya saba shekara talatin a wajen ɗaukar fim. Ta ɗaga hannu, ta dubi kyamara da murmushi.

"Ku yi haƙuri, a sake."

Rabin ƙasar na kallo.

Bayan an tashi darakta ya same ta, yana magana kai a sunkuye don kunya. Abin tausayi, a nan ne ta fara faɗa wa wani mahaluki gaskiya.

"Ɗana, ɗago ka dube ni. Ba na ji."

Ya ɗago. Ya buɗe baki sosai, ya faɗa dalla-dalla don ya sauƙaƙa mata: kada ta dawo ranar Litinin.