Malam Jatau, Mai Nuna wa 'Ya'yanmu Ƙofar Jami'a

Shekara talatin da ɗaya, kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Malam Jatau Bungudu ya riga ya jingine babur ɗinsa a gindin dalbejiyar wata makarantar sakandare da ke Tsafe. Ilimin halittu aka ɗauke shi ya koyar. Amma aikin da ya sa muke masa jinjina, babu wanda ya ɗora masa shi. Da an tashi, sai ya fito da tebur baranda, ya buɗe littafin kwasa-kwasan jami'o'i, ya zauna da 'yan ajin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, yana auna makin kowa da karatun da zai karɓe shi.

A zamanin iyayenmu, manomi ba ya shuka sabuwar gona sai Sarkin Noma ya murza ƙasarta a tafin hannu, ya ce nan ta gero ce, can ta shinkafa. Malam Jatau, kai ne Sarkin Noman 'ya'yanmu.

Mutanen Magami shaida ne. Hussaina, ɗiyar wani makiyayi, shi ya nuna mata karatun lafiyar al'umma. Da amai da gudawa ya ɓulla a unguwarsu, ita ta bi sawun cutar har bakin wata rijiya, ta sa aka rufe ta. Wasu ya tura su kimiyyar ƙananan halittu, wasu nazarin zamantakewa.

Sai dai ba kullum muka saurare shi ba. Akwai Luba, ɗiyar Alhaji Idris na 'Yankuzo, wadda tun tana firamare ubanta ke kiranta Dakta, har gari ya ɗauka. Malam Jatau ya taka har majalisar Alhaji, ya gaishe shi, ya ce:

"Alhaji, makin Luba ba zai kai ta likitanci ba. Gurbi kaɗan ne, masu nema dubbai. Amma lafiyar al'umma za su ɗauke ta bana."

"Wanga karatu, mai shi yana allura?"

"Ba ya yi. Cuta yake hanawa shiga gari."

"To, duba-gari ke nan. Malam, da girmana in koma masallaci in ce Dakta ta zama mai leƙen masai?"

Mu da muke zaune a kan tabarmar, dariya muka yi. Da ɗayanmu ya ce wa Alhaji ya dakata, da ya dakata.

Sau huɗu Luba ta zauna jarabawar shiga jami'a. Sau huɗu Malam Jatau ya rubuta mata likitanci a fom bisa umarnin uba, yana rubutawa yana girgiza kai. Bayan na huɗun ta ɗaure littattafanta, ta koma ɗinki.

A watan jiya, ranar walimar ajiye aikin Malam Jatau, Alhaji Idris ya ja shi gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, ƙanwar Luba, Talatu, tana ajin ƙarshe. Wa za ya duba mata, ga ka za ka tafi?"

"Luba fa, Alhaji? Ƙofa ba ta rufe ba."

"Ta ce ta gaji."

"A kawo mini su gida Bungudu, su biyun."

Talatu ta je. Luba ta aiko da gaisuwa.

Malam Jatau, kai ne wanda ya faɗa mana gaskiya muka yi masa dariya, bai kuma fasa buɗe mana littafinsa ba. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya yafe mana shekarun Luba.

Ku malaman da ya bari, wani a cikinku ya fito da tebur baranda. Mu kuma iyaye, mu bari a auna ɗa tukuna, kafin mu raɗa masa sunan da zai yi masa nauyi.