Ushi Biyu a Kogo Ɗaya

Yaya Ushi maƙwabciyata ce a ƙauyenmu na kudancin Okinawa tun mijina na da rai. Awara take yi ta kai kasuwa. Gajeriya ce, ga murya kamar ta mutum uku, kuma ban taɓa jin ta ce ba ta sani ba.

Da aka buga littafin yadda mutanen ƙauyenmu suka rayu a kogo lokacin yaƙi, kowa ya saya yana laluben nasa. Wani ya ga sunan kawunsa, wata ta gane rijiyarsu a hoto. Ni sai da na ɗora nawa gaban allunan da ke ɗauke da sunayen kakanninmu, na kunna turare, sannan na bi shi da yatsa a hankali.

Ita Yaya Ushi layi ɗaya jikarta Sayuri ta karanta mata: "Ba don Ushi da ta riƙa ɗauko ruwa a bayanta bama-bamai na zuba ba, da ba wanda ya fito da rai." Nan ta ce a rufe littafin, ya isa. Kafin mako ya zagayo, duk mai sayen awara ya haddace layin nan. Sayuri ta kai labari makaranta, aka gayyaci kakarta ta yi wa yara magana ranar tunawa da mamatan yaƙi.

To, Ushi sunan mata ne na da, kuma da shi muke kiran saniya. Ni na juya shafi na gaba, na ga abin da ke ciki. Na dai yi addu'a kada wani ya juya.

Tsoho Kamesuke ya juya. Tare suka zauna a kogon da Yaya Ushi lokacin yana ɗan yaro, kuma tun lokacin ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ranar taron a makaranta, tana fara magana cikin sabuwar rigarta, ya ɗaga hannu daga baya.

"Ranki ya daɗe, a bar ni in ƙarasa wa yara." Ya gyara tabarau ya karanta: "Da yunwa ta tsananta, aka yanka Ushi aka raba naman." Ya dube ta. "Ashe tuni muka cinye ki, ba ki faɗa mana ba!"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Sayuri ta sunkuyar da kai har goshinta ya taɓa tebur.

Yaya Ushi ta bari suka yi shiru.

"Ka gama, Kame mai majina? Saniya ita ke kai kanta rijiya? Ita ke ɗaure wa kanta tulu? Wa ke jan igiyar?"

Ta ci gaba.

"In aka kira Ushi a kogon nan, mu biyu muke waiwayowa. Ranar da aka yanka ta na kasa ci. Faɗa musu wanda na ba kasona."

Ya sosa ƙeya. "Ni ne."

"Yana ci yana kuka, yana tambaya ko akwai ƙari."

Dariya ta koma kansa. Sayuri ta ɗago, ita ta fara tafi.

A hanyar gida Yaya Ushi ta ce mini, "Tsuru, kin san da shafin nan?"

"Na sani, Yaya."

"Munafuka." Ta ratsa ta yago ɗanyar ciyawa, muka biya bakin kogo ta ajiye wa takwararta, ta haɗa tafin hannuwanta ta daɗe.

Har yau in Kamesuke ya zo wucewa ta ƙofarta sai ya yi kukan saniya. Takan jefe shi da takalmi, in ya dawo mata da shi ta miƙa masa awara mai zafi.