Ƙyallen Inna a Ofishin Barista

Gonar Inna, mahaifiyata, tana cikin fadamar da ke hanyar Kirikasamma, inda ruwa yake zuwa duk shekara ya kwanta a kan ƙasa, ya tashi ya bar ta baƙa ƙirin. Mahaifinta ne ya saya tun ba a haife ni ba, ya bar mata. Da shinkafar wannan gona ta riƙe mu bayan rasuwar babanmu, da ita kuma ta yi mini kayan ɗaki. Wata shekara ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwa, kogi ya karkata ya share gambar da ke kan iyaka. Da ruwa ya janye, sai maƙwabcin gonar ya wayi gari yana cewa fiye da rabinta tasa ce. An je gaban bulama, wato mai gari, an je gaban hakimi, magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, har ta kai kotu a Haɗejiya.

Bayan Allah, abu ɗaya Inna ta dogara da shi: takardar cinikin gonar, rubutun ajami da hatimin bulaman wancan zamani, ta yi ja don tsufa. Ita muka ɗauka muka kai wa lauyan da kowa a garin yake kira Barista.

Ofishinsa wani shago ne a bakin titi, sai ka ɗan gangara kafin ka shiga. Shi kansa gajere ne mai sanyin magana, irin mutanen da sai ka matso kafin ka ji abin da suke faɗi. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya karanta ajamin da kansa, ya ba mu kwafi, ya ce asalin zai zauna a wurinsa domin shi alƙali zai nema. Sannan ya dubi Inna ya ce, "Inna, a yago mini ɗan ƙyalle daga jikin kayanki."

Ni dai Allah ya yi ni da gajen haƙuri, kuma bakina ba ya jiran izini. Na ce, "Barista, wurin lauya muka zo ko wurin boka?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya nutsu, ya nuna mini kantocin da ke bayansa. Sai a lokacin na lura kowane fayil a ɗaure yake da ƙyalle, kuma babu biyu iri ɗaya, kamar ka shiga shagon tela. Akwai atamfa, akwai bakin rawani, akwai shuɗin yadi irin na makiyaya, har da zaren koma na wani masunci. Ya ce mahaifiyarsa sana'arta turara shinkafa, kuma tun yana ƙarami yake ganin yadda mata suke ɗaura ƙyalle a bakin buhu idan sun kai inji, don kada na wata ya shiga na wata.

"Yawancin masu zuwa nan ba su yi boko ba," in ji shi. "Lambar da ke jikin fayil tawa ce da ta kotu. Ƙyallen kuwa na mai shi ne. Duk ranar da ba na nan, mutum ya gane abinsa ba sai ya roƙi wani ya karanta masa ba."

Inna ta kwance ɗankwalinta a ƙarƙashin mayafi, kore mai ɗigon ruwan ɗorawa, ta sa haƙori ta yago gefensa ta miƙa masa. A hanya na yi ta mita cewa an ɓata ɗankwali mai kyau, ita kuwa ta ce in rufa mata baki.

Daga baya na ga aikinsa, na kuma ji daɗin da ban ƙara faɗa masa wata maganar banza ba. Bai zauna a ofis ya ce a kawo masa labari ba. Ya hau kwalekwale ya je gonar, ya naɗe ƙafar wando ya shiga taɓo, ya sa tsofaffin wurin suka nuna masa inda gambar take a da. Idan an ɗage zama, da kansa yake kira ya faɗa wa Inna dalili da Hausar da za ta gane. Wallahi na so mutumin nan, kuma har yau idan an ambaci lauyoyi da mugun baki nakan ce a cire mini mutum ɗaya.

Cikin tsakiyar damina, ana gab da zaman da za a miƙa wa alƙali takardar, Barista ya dawo daga sallar la'asar ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gidansa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

A wurinmu, kafin a ɗauki gawa, wani daga cikin dangi yakan miƙe ya yi cigiya: duk wanda ya san yana da haƙƙi ko ajiya a wurin mamaci, ya faɗa. Wan Barista ne ya yi wannan cigiya, wani dattijo mazaunin Kaugama. Maigidana yana wurin, da mutane da yawa waɗanda takardunsu suke cikin ofishin nan, amma babu wanda ya yi tari. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce, "Haba, wa zai buɗe baki ya yi zancen gona a gaban gawa?" Na san ko ni ce a wurin, da nauyi.

To, shi dattijon da ya ji shiru, sai ya ɗauka babu kayan kowa a hannun ƙanensa. Mutum ne mai tsoron haƙƙin marayu ƙwarai. Ya sayi ƙaton kwaɗo ya garƙame ofishin, ya ce duk abin da ke ciki dukiyar mamaci ce, ko tsinke ba za a taɓa ba sai an raba gado. Ya jefa mabuɗin a aljihu.

A lokacin kuwa kogi ya cika ya batse. Kullum sai ka ji an ce ruwa ya shiga unguwa kaza, matasa suna ta jera buhunan yashi a bakin gari. Na bi ta gaban ofishin na ga ruwa ya kwanta a gangaren ƙofar, yana lasar ƙasan ƙyauren. Idan takardar nan ta jiƙe, tawadar allo ce, wankewa za ta yi tas. Idan kuma ranar zama ta zo babu lauya babu takarda, gonar Inna ta tafi ke nan.

Na sami dattijon a ƙofar gidan makoki, na durƙusa na yi masa gaisuwa, na faɗa masa damuwata. Ya ce, "'Yata, na yi cigiya a gaban jama'a. Yanzu in na buɗe miki, gobe wani ya zo ya ce shi ma nasa ne, da me zan tantance? Ki yi haƙuri a raba gado." Na ce masa ruwa ba ya jiran rabon gado. Ya kawar da kai ya ci gaba da jan carbinsa. Na taso ina huci, har na fara zancen zan nemo mai fasa kwaɗo.

Inna ta ce ba da yawunta ba. Ta ce mu dai mu shiga mu yi wa matar Barista ta'aziyya, kuma ta ja mini kunne tun daga zaure: "In kika yi mata zancen takarda, ban yafe ba. Mace tana cikin takaba."

Mun same ta a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, doguwar mace mai kamala, idanunta sun kumbura. Muka gaishe ta, muka yi wa mamaci addu'a. Maganar tana cina kamar ƙaiƙayi, amma na danne. Da muka miƙe za mu tafi, mayafin Inna ya zame daga kanta. Ashe ɗankwalin nan kore ta ɗaura, da yagaggen gefensa a waje.

Hajiyar ta zuba masa ido. Ta ce, "Inna, dakata. Ke ma kina da fayil a wurinsa ko?"

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba shi ya kawo mu ba, Hajiya."

"Na sani. Amma yaushe ne zamanku?"

Nan fa na ga ƙofa ta buɗe, na zayyana mata komai, da kwaɗon da ruwan da ranar kotu. Inna tana harara ta, ni kuwa na yi kamar ban gani ba. Hajiya ba ta san an kulle ofishin ba ma. Ta aika a kira mata wan mijinta. Ya zo ya tsaya a bayan labule, mu muna zaune muna ji.

Ta ce, "Yaya, kujeru da kabad da littattafansa, duk nasa ne, a raba wa yara yadda Allah ya ce. Amma takardun nan na mutane ne. Amana ce, ba ta shiga gado. In ruwa ya ci su, a wuyan ƙanenka suke, shi kuwa ba ya nan balle ya nemi yafiya."

Dattijon ya ce, "Na yi cigiya, babu wanda ya yi magana."

"Kara suka yi maka, Yaya."

"To da me za mu gane na wane da na wane?"

"Ya riga ya yi mana wannan aikin," in ji ta. "Kai dai a buɗe."

Muka ji ƙarar mabuɗi ya sauka a kan siminti, ya turo shi ta ƙarƙashin labule. Ya ce Allah ya yi mata albarka, ta fitar da shi daga abin da bai sani ba. Fushin da nake yi da shi ya sauka nan take, domin na gane shi ma amanar yake gudu, ta wata fuskar.

Hajiya ba ta taka ko ƙofar gida ba, amma daga kan tabarmar nan ta tafiyar da komai. Ta ce kada wani ɗan gida ya buɗe fayil ko ɗaya, domin sirrin mutane ne a ciki. Ta sa aka kira wata lauya, abokiyar aikin marigayin, ta tsaya a kan kwasar. Da aka buɗe ofishin ruwa ya riga ya kai idon sawu, kantar ƙasa ta fara jiƙa. Aka loda fayilolin a kura aka kawo gida, aka shimfiɗa tabarmi a zaure da ƙarƙashin rumfa, aka jera su. Dattijon da kansa ya bi masallatai ranar Juma'a yana sanarwa, aka kuma faɗa a kasuwa.

Ban taɓa ganin abu irin na ranar karɓa ba. Mutane sun zo daga Birniwa, daga ƙauyukan fadama, wasu da taɓo har gwiwa. Mutum zai shigo ya yi ta'aziyya, ya bi layin tabarmi yana dubawa, sai ka ga ya tsaya cak ya nuna. Wani tsoho ya ɗaga bakin rawaninsa ya kara da ƙyallen, suka haɗu daidai, ya fashe da kuka. Lauyar tana gefe, tana gwada sunan da ke jiki da na mai karɓa, ta sa ya duba asalin takardunsa a gabanta, ya dangwala yatsa a gaban shaidu. Ta rubuta wa kotuna cewa lauyan waɗannan mutane ya rasu, a ɗaga musu zama su nemi wani. Kowa kuma ta faɗa masa cewa fayil nasa ne, ya kai wa lauyan da ransa ya kwanta da shi, ba dole sai ita ba.

Inna ba ta yi wani dogon nema ba. Tun daga bakin zaure ta hango koren ƙyallenta a cikin waɗanda aka ware aka shanya, na kantar ƙasa. Bangon fayil ɗin ya jiƙe ya yi laushi. Inna ta durƙusa, ta kwance ƙullin. Takardun sama sun manne da juna, amma takardar cinikin tana tsakiya, a naɗe cikin leda, an ninke bakinta an liƙe. Ko ɗigo bai taɓa ta ba. Inna ta ɗora ta a ƙirji ta ce, "Allah ya haskaka kabarinka, ɗan nan."

Lauyar nan muka ba shari'ar. Ta canza wa fayil ɗin sabon bango, Inna kuwa ta karɓi ƙyallenta ta ƙulle a bakin zani. Kotu ta ɗaga zaman, aka miƙa takardar, tsofaffin da Barista ya bi cikin taɓo ya nemo suka zo suka ba da shaida. Alƙali ya mayar wa Inna gonarta, ban da ɗan gefen da kogi ya riga ya cinye, wanda babu kotun da za ta iya karɓo shi.

Mun samu mun yi noman rani a shekarar. Da aka yanke shinkafa aka sussuka, Inna ta turara ta da hannunta, ta kai inji, ta cika buhun farko ta ce a kai gidan Barista. A lokacin Hajiya ta fita takaba. Na ɗauko biro zan rubuta sunanmu a jikin buhun, Inna ta riƙe mini hannu. Ta kwance ƙyallen nan kore daga bakin zaninta, ta ɗaure bakin buhun da shi tamau.

Ta ce, "Bar shi haka. Za ta gane daga inda ya fito."