Ƙyallen Forom

Mai Fenti bai taɓa zama a ajin Turanci ba, amma babu sunan taron jama'a da Bature ya ƙago wanda hannunsa bai rubuta ba. Tun yana saurayi yake cikin shagon nan mai warin kananzir, tsakanin mai faci da mai sayar da katifa. A kawo masa farin ƙyalle da 'yar takarda, ya ja layi da zare da alli, ya kwafe haruffan ɗaya bayan ɗaya yana cizon leɓe. Da wannan aiki ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'yansa, kuma a cikinsa ya koyi raina mutane.

Kalmomin nan ya san su da halinsu, kamar maƙwabta. Asosiyeshin cin fenti gare ta, amma takan kwana biyu. Kulob na masu son nama ne da ɗaukar hoto. In ka ji an ce mubmen, wani ne yake neman kujera, kunya ta hana shi faɗa. Kolishin kuwa, wato haɗaka, sau da yawa kafin fentin ya bushe an watse. Wadda ya fi tsana ita ce fakshin, wato ɓangaren da ya ɓalle. Ita ba a rubuta ta, sai dai ya ji ta a bakin wanda ya dawo da tsohon ƙyalle yana huci, wai a shafe a sa sabon suna. Sai ya shafe da fari ya rubuta, ai aikinsa ke nan. Amma duk yadda ya shafe, in rana ta haska ƙyallen ta baya, tsohon rubutun yana nan.

Abu ɗaya ne a rayuwarsa da ba a raɗa wa suna ba, bencin ƙofar shagonsa. Da yamma in an tashi aiki, Mai Kanti da Kafinta da Dogo direba da sauran abokai sukan hallara, a yi ta musu a kan ƙwallo da tsadar mai. In rufin wani ya yaye ko ɗan wani ya kwanta, ba a kiran mitin, tashi kawai ake yi a tafi. Dogo ne amininsa. Shi ya ɗauko katakon bencin a motarsa, kuma kullum tsakiya yake zama, wai don ya ji ƙarya ta kunne biyu.

Ana nan, sai wata rana Mai Kanti ya zo da sabuwar hula da sabon tunani.

"Wai mu har abada 'yan benci za a riƙa ce mana? Masu wankin mota ma suna da yuniyan. Mu zama forom mana!"

Mai Fenti ya yi tsaki. Amma da aka yi ta zuga shi, ana cewa babu mai hannu irin nasa, kansa ya kumbura, ya ɗauko jan fentinsa mai kyau ya rubuta musu ƙyallen forom. Nan da nan aka yi ciyaman da sakatare, samarin unguwa suka cika forom, aka fara dina da get-tugeda. Ba a je ko'ina ba Kafinta ya gano Mai Kanti yana da kokas a bayan kanti, inda ake gama magana kafin a zo mitin. Shi ma ya kafa nasa. Ranar da aka rabu baram-baram, manyan mutane masu furfura suka kama ƙyallen suna ja, har sai da aka kawo almakashi aka raba shi biyu a gaban wanda ya rubuta shi.

Aka ce Dogo ya zaɓi fakshin.

"Ni benci na sani," in ji shi, ya gyara zama.

Daga nan kowane ɓangare ya ce Dogo ɗan leƙen asirin ɗayan ne.

Wata safiya Mai Fenti yana dama fenti, sai ga 'yar Dogo ido jawur.

"Baba, an yi wa babanmu aiki, jini ya ƙi tsayawa. Likita ya ce a kawo masu ba da jini yau-yau. Na ba da nawa, bai isa ba."

Ko hannu bai wanke ba ya bi ta asibiti. Nas ta gwada shi, ta girgiza kai.

"Baba, kai ma ai nema kake."

Bai damu ba, don ya san inda samari majiya ƙarfi suke. Ya tarar da Mai Kanti a bayan kanti, yaransa sun kewaye shi suna shan lemo. Ya faɗa masa halin da Dogo yake ciki.

"Subhanallahi, Dogo! Allah ya ba shi lafiya. Wannan ai maganar kwamitin walwala ce, zan sa a ajanda."

"Jini fa na ce maka. Yau."

"Na ji ka. Amma ka san ba mambanmu ba ne. In muka shiga, waɗancan su ce muna zawarcin mutanensu."

Samarin duk suka sunkuyar da kai a kan wayoyinsu. Mai Fenti ya juya ya fita. Ya wuce wurin Kafinta, ya maimaita. Kafinta ya ajiye zarto.

"Wajen wa ka fara zuwa?"

"Wajen Mai Kanti," in ji Mai Fenti.

"To tunda da su ka fara, su bayar. Mu ba 'yan cike gurbi ba ne. Amma ka gaya wa iyali gobe za mu turo daligeshin su duba shi."

Wannan Kafinta fa, Dogo ne ya kai matarsa asibiti a mota tana naƙuda. Tir!

A ƙarshe mai faci ne ya rufe rumfarsa ya bi shi, da mai katifa. An ɗebi nasu, amma an makara. Dogo bai ga faɗuwar rana ba.

Bayan an binne shi, Mai Fenti yana zaune shi kaɗai a gefen benci, sai ga Mai Kanti da rabin ƙyallensa a hammata.

"A shafe a rubuta ta'aziyyar fitaccen mambanmu. Ka yi sauri kafin waɗancan su riga mu."

Fitarsa ke da wuya Kafinta ya shigo da nasa rabin, da irin wannan magana, ko kunya babu a idonsa.

Mai Fenti ya karɓa. Ya shimfiɗa su, ya shafe da fari, ya bushe, ya ƙara, har gwangwanin ya ƙare. Da ya shanya su a rana, jan rubutun yana nan raɗau, kuma rubutun hannunsa ne. Abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Maiɗakinsa ta kawo masa abinci, ta tsaya tana kallon ƙyallayen.

"Malam, ba za ka rubuta musu ba?"

"Na rubuta musu sau ɗaya," in ji shi. "Kama mini bencin nan mu shigar."

Tun daga wannan rana, da ƙyallayen nan biyu yake goge burushi. Bencin yana cikin shago, an jera gwangwanayen fenti a kansa dama da hagu. Tsakiyar ce kawai bai yarda a ɗora komai ba.