Alamomin da na sa ɗiyata ta cire

Shekarun baya, lokacin da ɗiyata ta gama karatun kwamfuta a Madani ta dawo ƙauyenmu kusa da Suki, ta ɗauko wani aiki da na tsoma baki a ciki, ni da karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba.

Yadda ta yi min bayani, akwai wani babban shiri a cikin injin kwamfuta, wanda ke karanta umarnin da mutum ya rubuta ya aikata. Ita kuma ta yi ƙaramin shiri ta tsayar a gabansa kamar ɗan aike: ka gaya masa da Hausa, ya kai saƙo ciki. Ustaz na makarantar 'yan mata ya yarda a gwada shi zango ɗaya. In bai yi ba, a cire.

Wata rana muna shan jabana, gahawarmu, a rumfa na leƙa allon kwamfutarta, na ga ɗan layi da harafi ɗaya a bayan sunan shirin. Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Inna, alamomi ne da kowa ya sani. Wannan ta neman taimako ce, wannan ta tambayar shirin wane zubi ne. Ko'ina a duniya haka ake bugawa."

Na ce, "Jikokina in na yi musu Hausa, da Larabci suke amsa min. Yanzu kin samu abu guda da zai saurare su da harshenmu, kuma ki bar masa baƙin alamomi? Cire su duka."

Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta ce to. Ta cire, ta sa kalmomin Hausa.

Ba a jima ba Ustaz ya yi sallama, gumi har wuyan jallabiya. Bayan gaisuwa ya ce, "Hajja, injin 'yarki ya zama kurma. Yara sun buga abin da ke littafinsu, ko tari bai yi ba. Wata ta fashe da kuka, wai ta lalata kayan hukuma. Yanzu ba mai son zama gabansa. Cire shi zan yi."

Na ce a hankali, "Ai sai su koyi na Hausar, Ustaz."

Ya ce, "Su koya, kwayyis, ba laifi. Amma a garin Sinja za su yi jarrabawa, kuma injin can bai san ɗan aikenku ba. Hannun da ya saba da naku kaɗai, can zai tsaya."

Na ƙara masa jabana. Ɗiyata na gefe, kanta a ƙasa. Aikinta ne zai tafi, ga shi ta ƙi cewa ni na sa ta.

Da ya tafi na zauna ina tunanin sallamar da ya yi a ƙofa. Ba Hausa ba ce, amma ban taɓa ƙin amsa ta don haka ba. Sai an amsa baƙo yake shigowa, sannan ya ji yaren gidan.

Na ce wa ɗiyata, "Mayar musu da abinsu. Amma nawa na Hausar fa?"

Ta yi dariya ta ce, "Inna, tun farko duka biyun suna iya zama. Ba ki bar ni na faɗa ba."

Ta gyara: duk alamar da aka sani, ɗan aiken ya miƙa ta ciki yadda ta zo, kalmomin Hausa kuma suna nan ga mai so. In ka nemi taimako ta kowace hanya, bayanin da Hausa yake fara fitowa. Ustaz ya bar shi a makarantar.

Har yau in na tuna, raina yakan ɗan sosu, don na ji 'yan matan harafin nan guda suka fi bugawa, ya fi sauri. Amma dole su karanta amsar kafin su ci gaba, kuma wasunsu a nan suka fara ganin Hausa a rubuce.