Tashar Mota a Filin Makaranta

Hajara, daren jiya na yi wani mafarki, kuma tun da na farka ko ruwa ban iya sawa a bakina ba. Ki daure ki saurari saƙon nan har ƙarshe, kar ki yi min halin naki na kira tun mutum bai gama magana ba. Ke ce ƙanwata, ke ce kuma mai aikin asibiti a gidanmu, in ba ke ba ban san wa zan gaya wa ba. A kan babban yarona ne. Kin san dai ba na faɗin sunan, ɗan fari ne, haka muka taso muka ga Inna, Allah ya jiƙanta, tana yi da Yaya.

Na gan ni a makarantarsu, wai ranar bikin yaye su daga sakandare. Abin dariya, ni da a zahiri ban je ba, ke na tura, don ina ni ina zama a gaban jama'a ana kiran ɗan farina ina tafi. Amma a mafarkin ga ni tsaye a gindin darbejiya da mayafina na unguwa. Rana ta take sosai, sai dai ba zafi ko kaɗan.

Sai kawai filin makarantar ya zama tasha. Motoci a jere, kowace da allo a kanta. Malamansu ne 'yan kamasho, har da shugaban makarantar da babbar rigarsa, yana bubbuga bayan wata bas yana cewa, "Jami'a, saura mutum ɗaya!" Wani yana kiran kasuwa, wani aikin soja, wata malama kuma tana kiran gidan miji. Yaran suna zuwa bakin ƙofa su cire yunifom, su ninke su ajiye a ƙasa, su shiga mota. Na ga abokinsa Kabiru, wanda suke tare tun firamare, ya leƙo ta tagar motar jami'a yana ɗaga hannu. Ba nawa yake ɗaga wa ba, wani can daban ne.

Shi kuwa yana zaune a kan bencin aji a tsakiyar tashar, da yunifom ɗinsa a jiki. Ina kallo wandon yana ɗagewa, yana ɗagewa, har ya kai gwiwa. Babu wanda ya kore shi, babu kuma wanda ya kira shi. Motoci suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya har filin ya zama wayam, sai tulin fararen riguna a bakin ƙofa.

Wannan ɓangaren kam ba sai an fassara min ba, ai shi muke gani a gida. Kin san makinsa na jarrabawar shiga jami'a bai kai ba, ya sake zama, bai kai ba. Abokan duk sun watse, masu karatu sun tafi, masu uwa a gindin murhu an buɗe musu shago. Da farko yana fita majalisarsu, daga baya ya daina, wai kowa tambayarsa yake yaushe zai tafi. Babansu kuma kin san bakinsa, ba mugunta ba ce, haka yake. In ya shigo ya tarar da shi a kwance sai ya ce, "Ƙato da kai, sai ci sai barci." Ni kuma in ja bakina in yi shiru, don in na tanka a ce ina goyon bayan ɗan fari.

To, muna nan a tashar, sai kawai na gan mu a tsakar gidanmu na da, na Inna, har da rijiyar nan da aka cike. Dangi sun cika gidan kamar ranar suna, kowa a kan tabarma. Ke ma kina nan da fararen kayan aikinki, amma kin juya baya kina wanke hannu, kin wanke kin sake wankewa. Yaron yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya ce, "Ku yafe min." Kowa ya dafa kansa ya ce Allah ya yi albarka, yaro ya yi hankali. Wanda duk ya yafe masa sai ya ba shi wani abu. Ya ba wannan tattabarunsa, ya ba wancan kekensa, ya ba ƙanwarsa Ummi wayarsa. Duk abin da ya bayar sai in ga jikinsa ya ƙara yin shara-shara, har ina hango bangon gida ta cikin ƙirjinsa.

Da ya zo kaina na kau da fuska gefe kamar yadda na saba, na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya ɗan tsaya kamar yana jiran wani abu. Daga nan ya miƙe.

Hajara, abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, wannan ma ya faru, satin da ya wuce. Tattabarun nan da ko taɓa akurkinsu ba ya bari a yi, ya kwashe su ya kai wa yaron maƙota kyauta. Ya bi mu ɗaki-ɗaki yana neman gafara, har gidan Gwaggo ya taka da ƙafa. Wallahi daɗi muka ji. Babansu har cewa ya yi, "Kin gani ko, faɗan nawa ya yi amfani, ya fara nutsuwa." Ni ma ran nan na ƙara masa nama a miya, na ba Ummi ta kai masa. Wa zai ga yaro yana neman gafarar iyayensa ya kawo wani abu a ransa? Sai shekaranjiya Ummi take gaya min, tana dariya, wai ya ce mata ta kwantar da hankalinta, mun kusa hutawa da shi. Na ce mata ƙila tafiya Legas yake nufi, tunda ya taɓa ambata.

Bari in koma kan mafarkin. Yana miƙewa daga gabana sai na ji wata murya daga sama, irin ta masu sanarwa a rediyo, ba ta namiji ba, ba ta mace ba. Ba ta da fushi, ba ta da tausayi. Cewa kawai ta yi, "Akwai sauran mota ɗaya."

Sai kawai ga mu a bayan gari, cikin wata gona da aka gama girbi, sai kututturen kara. A tsakiyar gonar ga wata farar bas, injin a kunne, babu direba, babu allo. A ciki samari ne da 'yan mata sa'anninsa, wasu da yunifom, wasu da kayan gida, kowa ya kalli gaba, ba mai magana da wani. Akwai wata yarinya a kujerar baya da ɗan hijabin makaranta, fuskarta tas, ba kuka ba dariya. Ga wani ɗan kamasho a bakin ƙofar motar, ya ba ni baya. Na ce, "Malam, ina motar nan za ta?" Ko waigowa bai yi ba. Na sake tambaya. Wata tsohuwa da ke zaune a kan kunya tana ɓare gyaɗa ce ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wannan ba ta dawowa."

Na waiga sai ga yaron nawa yana tafiya wajen motar. Ba sauri yake ba, tafiyarsa ta kullum ce, kai a ƙasa, hannu a aljihu. Na ce wa Ummi ta ruga ta kira min yayanta. Ta ruga, tana ta gudu tana haki, amma tana nan a gefena ba ta gusa ba. Na juya sai ga shagon Babansu a cikin gonar, da kantocinsa da komai, yana auna wa wani shinkafa. Na ce, "Malam, dubi yaron nan." Ya ce, "Ƙyale shi, namiji ne, in ya ji yunwa ya dawo." Ya ci gaba da awonsa.

Sai na ɗaga murya da kaina na ce, "Kai!" Duk yaran da ke cikin motar suka juyo suka kalle ni, ban da shi. Na ce, "Kai yaron nan!" Na ce, "Yayan Ummi!" Duk sunayen da na saba fakewa da su sai da na kira. Muryar nan ta sama ta ce, "Ba shi aka kira ba."

A nan ne na ga ashe tsohuwar mai ɓare gyaɗa Inna ce, da zanenta na saƙi da take ɗaurawa ran Juma'a. Na durƙusa na ce, "Inna, in kira?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. Na ce, "Inna, ke kika koya min, ki ce wani abu mana." Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta, tana zuba ƙwayar a ƙasa, ɓawon a kwano. Hajara, Allah ya yafe min, haushinta na ji. Ban taɓa jin haushin Inna tana raye ba, sai a mafarki.

Kar ki soma yi min wa'azin nan naku na 'yan zamani, wai mu ba mu iya nuna wa 'ya'ya so ba. Kunya ba ƙiyayya ba ce. Ranar da ya yi zazzaɓin nan yana ƙarami, ke kika goya shi zuwa asibiti, ni ina biye da ku a baya kamar baƙuwa, amma Allah ya san wadda ta fi shiga tashin hankali. Ina son yaron nan fiye da duk abin da na mallaka. Kawai dai ban taɓa gaya masa ba, ban kuma taɓa zaunar da shi na ce me ke damunka ba, don ba a yi mana haka ba. Na ɗauka ya sani.

Na miƙe, bakina ya yi nauyi kamar an cika min shi da tuwo. Ya kai ƙofar motar. Yarinyar mai hijabi ta matsa ta ba shi wuri. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan matakalar, ɗan kamashon ya ɗaga hannu zai bubbuga mota. Ban san lokacin da abin ya fito ba. Na ce, "Nura!"

Kin ji, na sake faɗa yanzu, ƙasa kuma ba ta tsage ba.

Ban ga ko ya juyo ba, don ihun nawa ne ya tashe ni. Ashe da ƙarfi na kira, a zahiri, har maƙogwarona yana zafi. Gari bai waye ba, ladan bai ma yi kiran farko ba. Ina zaune a bakin gado ina salati, sai na ji motsi a tsakar gida, aka ɗaga labulen ɗakina a hankali. Shi ne, a shirye tsaf da riga da hula, takalminsa a hannu.

Ya ce, "Umma, ni kika kira?"

Na ce, "Kai na kira. Ina za ka?"

Ya ce masallaci. Na ce ai ba a kira salla ba. Ya sunkuyar da kai. Na ce ya shigo ya zauna, ya zauna a bakin tabarma yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Ban taɓa jin sa a bakinki ba." Daga nan sai hawaye, ba sauti, ni ma haka. Ban iya tambayarsa komai ba, hannunsa kawai na riƙe har aka yi salla, ya yi tasa a nan ɗakina.

Yanzu haka yana nan, barci ya ɗauke shi a kan tabarmar, ni kuma na fito bakin ƙofa inda nake ganinsa nake yi miki wannan saƙon. Ba zan bar shi shi kaɗai ba yau, ko zoɓon sayarwa ban dafa ba. Na tuna lokacin bikin salla kin taɓa ce mana ana kawo muku yara irinsa, waɗanda suka gama makaranta suka rasa inda za su sa kansu, kin ce wanda aka ga alama a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa mutum ya yi. To ki zo yau, don girman Allah, ki koya min yadda ake faɗin wannan kalmar, in kuma likita za a kai shi, mu tafi tare, ni zan shiga gaba wannan karon. Tsoro nake ji, Hajara.

Ki gaya min gaskiya, kar ki lallashe ni. Mafarkin nan gargaɗi aka yi min, ko zuciyata ce ta gaji da abin da idona yake gani nake kau da kai? Kuma da ban yi ihun nan ba, yaron da ya riƙe takalminsa a hannu tun ladan bai tashi ba, ina za shi?